Milimita takwas: yadda muka bi naman kuncin Kawu daga Damagaram zuwa Yamai

Kawuna baduku ne a unguwar Birni, kuma tun ina yaro ban san bakinsa babu taba ba. Garin taba ne da 'yar kanwa, ya murza a tafin hannu, ya cusa tsakanin kunci da dasashi ta ɓangaren hagu, ya ci gaba da ɗinkin alabe. Ba ya busa sigari, bai taɓa kusantar giya ba, don haka a lissafinsa shi ba mashayi ba ne. A daidai gurbin da yake ajiye tabar wani farin tabo ya fito, wanda ko an goge ba ya fita. Daga baya ya fashe ya zama gyambo mai kaurin gefe.

Maganin gida ya sha shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin fata ba ya rasa bagaruwa, saboda haka da ita aka fara kurkure baki. Aka koma alif, aka koma zuma, aka sayo ƙwayoyi a farmasi, wani ya ce haƙori ne ke gogar wurin. Daga kaka har bazara ta shigo ana wannan. Ranar da Innata ta ga ƙanenta ya ture tuwo ya ce a dama masa kunu, ta aiko a kira ni. Ni ke koyar da kimiyyar rayuwa a lise, wato babbar sakandare, shi ya sa ake ce mini Mushe, to a danginmu duk takardar da ta fito daga hannun likita wurina take ƙarewa, ko na gane ta ko ban gane ba.

Likitar haƙori ce ta fara duba shi. Ba ta daɗe tana kallo ba, safar hannu ta sa ta matsa gefen gyambon da yatsa, sannan ta zagaya bayansa ta bi wuyansa da hannu biyu tun daga ƙarƙashin haɓa har ƙashin wuya.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun ana yankan hatsi, likita."

Ta dube ni, ba shi ba. Ta ce duk gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, ba a ƙara yi masa gwaje-gwajen magani, nama ake ɗiba a duba. Wannan kuma da tauri a ƙarƙashinsa.

Ɗibar naman ba ta da wani dogon labari. Allurar kashe zafi, yanka kaɗan daga gefen gyambon inda ya haɗu da lafiyayyen nama, ɗinki biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yar kwalbar da majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya miƙo mini, mai jan murfi, an liƙa filasta an rubuta lamba da alƙalamin biki. Naman bai kai ƙwayar wake ba, yana lilo cikin wani farin ruwa mai yajin wari. Formol ne, kashi 10 cikin 100, kuma ƙa'ida ruwan ya ninka naman aƙalla sau goma. Majo ya ja mini kunne sosai: kada ta ga ƙanƙara, kada wani mai tausayi ya zubar da ruwan ya sa alkol ko ruwan gishiri, kada ta kwana a rana. Likitar ta ce Yamai take so a kai. Kilomita wajen 900 ne, ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Ban ba masu ɗaukar saƙo ba. Cikin safa na naɗe ta na sa a aljihun jaka, jakar kuma a cinyata tun asuba har dare.

A can ne na fara jin sunan da ma'aikatan asibiti ke kiran sashen, wato anapat. Su ba sa ganin majinyaci, namansa suke gani. Za su tsane ruwan jikin naman da alkol, su binne shi cikin narkakken kaki irin na kyandir, in ya daskare su dinga fere shi da wata na'ura, kowane yanki kaurinsa kamar mikron 4, mikron ɗaya kuwa shi ne milimita ɗaya an raba ta dubu. Sai a shimfiɗa a gilashi, a rina da launi biyu, shuɗi-shuɗi da ja-ja, a sa ƙarƙashin mikroskof.

Sakamakon ya fito da Faransanci, gajere: karsinom epidermoyid. Ciwon daji ne na ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin baki, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kansar baki irinsa ne. Ba baƙon ciwo ba ne a duniya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa na shekarar 2022 sun ce mutum kusan 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da cikin baki, wajen 188,000 suka rasu. Cibiyar binciken kansa ta hukumar da ke Liyon a Faransa ta daɗe da sa tabar taunawa cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Na tambayi likita batun goro, tunda Kawu shi ma ba ya rabuwa da shi. Ya ce wanda ake zargi a Indiya da maƙwabtanta ɗan wata bishiya ne dangin kwakwa, areka, ba goronmu ba.

Aka ɗauko Kawu zuwa Yamai. Aka yi sikana, wato hoton cikin jiki, ba ta nuna wata kaluluwa mai ban tsoro a wuya ba, muka fara murna. Sai likitan tiyata, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ce zai cire ciwon da faɗin lafiyayyen nama kewaye da shi, kuma zai buɗe wuyan ya kwashe kaluluwar ɓangaren hagu. Nan gida ya ɗauki zafi. Matar Kawu ta ce ciwo na kunci, me ya kai wuƙa wuya? Na mayar wa likitan da tambayar cikin ladabi. Ya ce hoto ba ya ganin 'yan ƙwayoyin da suka riga suka sulale, kuma da zarar ciwon ya sauka a kaluluwa, damar tsira na raguwa da kusan rabi. Ya ambaci wani gwaji da aka yi a asibitin Tata Memorial na Mumbai, aka buga a 2015. Masu ƙaramar kansar baki waɗanda wuyansu ya yi kama da lafiyayye aka raba biyu. Waɗanda aka kwashe wa kaluluwa tun farko, kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku. Waɗanda aka ce a jira sai ta kumbura, kashi 67.5. Muka sa hannu.

Takarda ta biyu, wadda anapat suka rubuta kan abin da aka ciro, ita ce takardar da ta yanke komai, kodayake a lokacin ba ita ta fi ɗaukar hankalinmu ba. Faɗin ciwon santimita 3. Zurfin da ya nutsa cikin nama milimita 8. Tazarar da ke tsakaninsa da bakin yanka, inda ta fi ƙanƙanta, milimita 6, abin da ake nema kuwa shi ne 5 ko fiye. Ya fara bin wata 'yar jijiya. Cikin kaluluwar da aka kwashe, ɗaya tana da ciwon, amma bai fasa rigarta ya fita ba. Wannan batu na zurfi sabo ne a ma'aunin matakan kansa. Sai a bugu na takwas na tsarin TNM, wanda aka fara aiki da shi a 2017 zuwa 2018, aka shigar da shi, aka sa iyaka a milimita 5 da milimita 10. Da na Kawu ya wuce 10, da ya hau aji na gaba ko da faɗinsa bai ƙaru ba. Haɗe da kaluluwa ɗayan nan, mataki na uku ke nan. Dattijon ya ce gashi za a yi, wato radiyoterapi, saboda jijiyar da kaluluwar. Shimiyo kuma, wato maganin kansa da ake ƙarawa ta jijiya, ba a buƙata, domin abu biyu ne ke tilasta haɗa gashi da irin wannan magani, sisplatin, bayan tiyata: a tarar da ciwo a bakin yanka, ko ya fasa rigar kaluluwa. Babu ko ɗaya.

A nan taubashina ya shigo, babban ɗan Kawu, wanda ke aiki a Faransa. Shi ke turo mafi yawan kuɗin, kuma nisa na sa mutum ya ji kamar ba a yin komai. Mahaifin wani abokin aikinsa ya yi kansar maƙogwaro, an gwada wani furotin a namansa, an ce mai sauƙi ce, ya warke sarai. Kullum dare sai saƙon murya ya shigo ta WhatsApp.

"Kai Mushe, duk bokon naka na banza ne? An duba p16? An duba PD-L1? Nan ba a taɓa mutum sai an san furotin ɗinsa. Kada a fara gashin nan sai sakamako ya fito."

Na ce masa bawa ba ya ba ubangidansa umarni, amma zan tambaya. Dattijon likita bai hana ba. Ya ce kuɗinmu ne, naman kuma na Baba ne. Abu ɗaya ya ƙi sassautawa a kai: gashi ya kamata ya fara cikin mako shida da yin tiyata, kuma ba zai jira wata takarda ba ko daga ina za ta zo.

Wani matashin likitan anapat ne ya zaɓo mana kakin da za a aika. Na ɗauka na farko zai bayar, wanda na yi wa dakon kwalba. Ya ce a'a, wancan ya daɗe cikin formol, tsakanin hanya da jiran layi. Furotin abu ne mai saurin ɓaci. In nama ya jima a waje kafin a tsoma shi, furotin ya fara ruɓewa. In kuma ya wuce kima a cikin ruwan, formol ya ɗaure shi har sinadarin da zai kama shi ya kasa gane shi. Abin da aka fi so shi ne tsakanin awa 6 da awa 72. Da na ba Kawu wannan labari da yamma, yana kwance da bututun abinci a hanci, ya yi alama a ba shi allo da alli, don lokacin magana na yi masa wuya. Ya rubuta da ajami: fatar da ba ta jemu ba, ba ta cin rini. Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan daidai ba, har a littattafan da nake koyarwa da su.

Kakin ɗan mitsitsi ne, a manne da wani farin gida na roba, naman na ciki launin toka. Yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 60, a watan Afrilu kuwa inuwa ma tana wuce 40, balle cikin motar da aka rufe a rana. Muka naɗe shi da auduga, aka aika wani ɗakin bincike mai zaman kansa a ƙasar waje. Kuɗin da aka caje mu ya ɗara abin da nake ɗauka a wata.

Kafin sakamakon ya dawo, an cire wa Kawu ruɓaɓɓun haƙoran da ke hanyar hasken, an yi masa abin rufe fuska na roba daidai kansa, an fara gashi. Sai a 2021 Nijar ta samu wurin gashin kansa na farko, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan wanda ya samu hali ƙasar waje yake fita, wanda bai samu ba ya koma gida. Kwana biyar a mako, mako shida. Zaman kansa minti kaɗan ne, wahalar a bayansa take: baki ya saɓule, yawu ya kafe, ɗanɗano ya gudu. Kunu, madara, ƙwai, romo, da lallashi.

A tsakiyar wannan takardar furotin ta iso, tare da gilasan da suka rina. Layi biyar ce. p16 babu. p53 ya kama kusan duka ƙwayoyin, da ƙarfi. Ki-67 kashi 45 cikin 100. EGFR da yawa. PD-L1 maki 5. Taubashina ya shiga intanet ya kwana yana karatu, da asuba ya kira yana kuka. Duk layin da ya bincika, an ce alama ce mara kyau.

Na koma wurin matashin likitan. Ya ja mini kujera gaban wani mikroskof mai kai biyu, ya sa gilashin p53. Ban yi zaton abin zai yi kyau a ido haka ba. Fili ne shuɗi mai haske, cikinsa tsibi-tsibin ƙwayoyi sun kutso ƙasa cikin tsoka, kuma tsakiyar kowace ƙwaya ta rine ruwan ƙasa mai duhu, ɗigo-ɗigo, ɗaruruwa. Ya matsar da gilashin zuwa gefe inda lafiyayyen nama yake, sai ga shi kusan fari fat, ɗigo ɗaya nan, ɗaya can. Hanyar ita ce a zuba wa yankin naman wani sinadarin garkuwar jiki da aka ƙera don ya kama furotin guda ɗaya tak, duk inda ya kama sai a sa wurin ya yi launi.

Ya bi layukan da ni ɗaya bayan ɗaya, ba a jere yadda suke a takarda ba. Da p16 ya fara, tunda shi ya tayar da maganar. Akwai kansar da ƙwayar cutar HPV ke jawowa a can cikin maƙogwaro da gindin harshe. Ƙwayar cutar tana kashe wani furotin mai tsayar da rabuwar ƙwayoyin halitta, sai p16 ya taru ya cika wurin, shi ya sa ake amfani da shi a matsayin shaida, in ya rina kashi 70 cikin 100 ko fiye. Irin wannan kansa tana jin magani sosai. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya samu kashi 82 suna raye bayan shekara uku, a kan kashi 57 na waɗanda tasu ba ta HPV ba ce, har aka ware mata ma'aunin matakai nata daban. Amma wannan labarin maƙogwaro ne. A kunci da dasashi da gaban harshe HPV ba ta cika zama sanadi ba, kuma ƙungiyar likitocin anapat ta Amurka ta ce tun 2018 kada a riƙa gwada shi a kai a kai a waɗannan wurare. Mahaifin abokin taubashina da Kawu ba ciwo ɗaya suka yi ba, ko da yake tazarar wuraren ba ta wuce tsawon yatsa ba.

p53 kuma, wanda aka gano a 1979, aikinsa ya tsayar da ƙwayar da kundin gadonta ya lalace, ko a gyara ko ta mutu. Lafiyayyensa ba ya daɗewa, cikin mintoci ake rushe shi, shi ya sa ba ya rina sosai. Wanda ya gurɓace ne ke taruwa. To amma akwai gurɓacewar da ke hana a ƙera shi kwata-kwata, sai gilashi ya fito fari. Wato launi ya cika matsala ce, launi ya ɓace gaba ɗaya ma matsala ce, kuma tsofaffin bincike da yawa sun lissafa farin a matsayin lafiya. Ban da haka, wani babban aiki da aka buga a 2015 kan kansar kai da wuya guda 279 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ba na HPV ba suna da wannan gurɓacewa. EGFR ma haka, wajen tara cikin goma na irin wannan kansa suna da shi da yawa. Abin da kusan kowa ke da shi ba zai raba maka wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. Akwai magani da ke kai masa hari, setuksimab, wanda Amurka ta amince da shi don kansar kai da wuya a 2006, amma yawan launin EGFR a gilashi ba ya nuna wanda maganin zai yi wa aiki.

Ki-67 ya fi ba ni dariya, in ana dariya a irin wannan wuri. A birnin Kiel na Jamus aka samo shi a 1983, yana nuna ƙwayoyin da ke cikin rabuwa. Na ce to 45 da yawa ne ko kaɗan? Ya ce ya danganta da wanda ka tambaya. Wani bincike ya sa iyakarsa can ƙasa, wani can sama. Wani a tsakiyar ciwon yake ƙirgawa, wani a bakin da yake kutsawa. Ya nuna mini da idona: ya tsaya a wani lungu na gilashin, ɗigon ya yi cincirindo, ya gusa kaɗan, ya yi tsilla-tsilla. Nama ɗaya, gilashi ɗaya.

Na ƙarshen ne kawai ya ce in adana. Ya bambanta mini alama iri biyu: wadda ke faɗin yadda ciwo ya saba tafiya a cikin taron mutane, da wadda ke faɗin ko wani takamaiman magani zai ci. PD-L1 ta biyun ce. Furotin ne da ciwon ke sanyawa don sojojin jiki su ƙyale shi. Tasuku Honjo na Japan, wanda ya gano abokin haɗinsa PD-1 a 1992, ya samu kyautar Nobel a 2018 tare da James Allison. Ana ƙirga ƙwayoyin da suka rina, na ciwon da na garkuwar jiki, a raba da yawan ƙwayoyin ciwon, a ninka da 100. A 2019 Amurka ta amince a ba da pembrolizumab, maganin da ke toshe PD-1, shi kaɗai ga wanda kansarsa ta dawo ko ta bazu, in makinsa ya kai 1. A Yunin 2025 an faɗaɗa shi zuwa kafin tiyata da bayanta ga wasu majinyata, amma lokacin aikin Kawu ba a kai nan ba. Allura ce duk mako uku, kuma ko gidan Birni aka sayar ba zai kai mu ko'ina ba. Wannan layin gaskiya ne, yana da amfani, sai dai amfaninsa na wanda ke da inshora ne a wata ƙasa.

Na kai wa dattijon likitan tiyata takardar. Ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya miƙo mini.

"Malam, akwai layin da ya ce in ƙara gashi ko in rage?"

"Babu, Dokta."

"To a ci gaba."

Ba na cikin masu cewa binciken furotin ɓata lokaci ne. Kowane likitan kansa ya ga mutum biyu masu mataki ɗaya, aiki ɗaya, ɗaya ya rayu shekara ashirin, ɗaya ciwon ya dawo kafin shekara. Akwai dalili, kuma a cikin ƙwayoyin yake. Shi ya sa ake ta bin wasu furotin, irin su sayiklin D1, da E-kaderin da ke riƙe ƙwayoyi wuri ɗaya, da podoplanin, da VEGF mai janyo sababbin hanyoyin jini, har da masu neman IL-6 da IL-8 a cikin yawu don a huta da yanka. Amma har yau, a kansar cikin baki, babu ɗayansu da ya shiga ma'aunin matakai. Abin da ya shiga shi ne santimita, milimita da kaluluwa. Kuma abin da na fi jin haushinsa, in na tuna jikkunan da suka tafi, shi ne wani aiki da aka yi a Kerala ta Indiya, aka buga a 2005. Ma'aikatan lafiya ne kawai suka riƙa bi gida-gida suna leƙa bakin mutane da fitila, kuma a cikin masu taba da giya mace-macen kansar baki suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Farin tabon Kawu ya yi watanni a wurin da duk mai tocila zai gan shi. A kasuwar Dole kaɗai, masu taba a kunci nawa ne?

Kawu ya ji kukan ɗansa a waya, don haka ba a iya ɓoye masa ba. Lokacin ya fara magana, a hankali, baki a karkace.

"Mushe, takardar waje ta ce zan mutu?"

"Ba ta san ka ba, Kawu. Ta ce naman irin na masu taba ne."

"Wannan ai ko uwarka ta sani, ba a biya ta ko dala ba."

Aka gama gashi muka dawo Damagaram ana shirin shuka. Yanzu bibiya ake yi, domin in ciwon zai dawo ya fi dawowa cikin shekara biyun farko. A shekarar farko duk wata ɗaya zuwa uku ake son a gan shi. Likitar haƙorin nan ce ke dubawa a nan gida, da fitila da safar hannu, ta bi tabon, ta ɗaga harshe, ta shafa wuya ɓangare biyu, Yamai kuma sai randebu ya zo. Muƙamuƙinsa ya so ya ƙage, saboda haka kullum safe yana cusa 'yan katakon danne harshe a jere tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya in wuri ya samu. Gorar ruwa ba ta barin gefensa saboda bushewar baki. Taba ya bari, amma 'yar battar tana nan, kuma matarsa tana shinshina ta duk dare.

A zuwanmu Yamai na baya matashin likitan anapat ɗin ya tare mu a baranda da wata takarda. Yana tattara kakin masu kansar baki don aikin digirinsa. Ya ce kusan duk abin da aka rubuta kan waɗannan furotin daga Indiya, Turai, Amurka da gabashin Asiya ya fito, shi kuma yana so ya ga yadda abin yake a wurin masu taba da kanwa. Babbar wahalarsa ba kuɗin sinadari ba ce. Kaki da yawa sun ɓaci tun daga kwalba, majinyata da yawa kuma in sun koma ƙauye lambar wayarsu ta daina shiga, ba a san wanda ya rayu ba. In babu wannan, launin gilashi ba shi da abin da za a gwada shi da shi. Ya roƙi izinin Kawu ya riƙe nasa, ya kuma riƙa kira duk bayan wata shida.

Na fassara masa. Kawu ya tambaya ko za a rubuta sunansa, aka ce lamba kawai. Ya tambaya ko za a ƙara yanka, aka ce a'a. Ya dangwala yatsa, ya ba da lambarsa da tawa da ta maƙwabcinsa mai shago, ya ce wa likitan in zai kira ya bari sai bayan la'asar, don da safe yana wurin aiki kuma hannunsa da rini.